Hoton Yaro da Sanda a Gaban Kejin Kura: Shaida Ce ko Zato?

Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai: Assalamu alaikum. Na san yawancinku kun ga hotuna biyun da suke yawo a Facebook tun ranar Alhamis, waɗanda aka ɗauka lokacin da aka kai 'yan aji biyu na babbar sakandare ziyara gidan zoo. A na farko ana ganin yaro sanye da kayan makarantarmu ya miƙa sanda wajen kejin kura, bakin sandar kamar yana daf da hancinta, wasu yara uku kuma suna dariya a bayansa. A na biyu biri ne riƙe da ledar biskit, 'yan mata suna tsaye kusa da wayar kejinsa. Wanda ya saka hotunan ya rubuta cewa ɗalibanmu sun tsokani kura da sanda, sun kuma bai wa biri leda ya ci. Hukumar makaranta tana shawarar dakatar da yaran nan huɗu na mako biyu, kuma ta nemi jin ta bakinmu kafin Litinin. Ina roƙon kada kowa ya ambaci sunan yaro a nan.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ban ga abin muhawara a nan ba, domin gani ya kori ji. Ga yaro, ga sanda, ga kura, ga bajen makaranta a aljihun rigarsa. A zamaninmu ko rahoton mai gadi ya isa a hukunta ɗalibi, balle hoto da duniya ta gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idan makaranta ta yi shiru yanzu, to ta koya wa sauran ɗaruruwan yaran cewa abin da ake gudu kawai shi ne a kama mutum.

Wani uba daga cikin iyayen 'yan aji ɗaya: Baba, da girmanka, a yau ba a rantsuwa a kan hoto. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna haɗa hoton da bai taɓa faruwa ba cikin minti ɗaya, kuma makarantarmu ba ta rasa masu hassada. Ni a ganina haɗa shi aka yi.

Mai sana'ar ɗaukar hoto: Alhaji, a ba ni dama in yi bayani da ɗan tsawo, tunda wannan sana'ata ce. Zan fara da ɗan'uwana da ya ce haɗa hoton aka yi. Na buɗe shi a kwamfuta na ƙara girmansa, na duba wuraren da hoton haɗi ya fi tona kansa, wato yatsun hannu, rubutun da ke jikin baje, da inda inuwa take faɗuwa. Yatsun yaran cikakku ne, rubutun bajen yana karantuwa daidai, inuwowin duka suna kallon gefe ɗaya. Na kuma neme shi da Google Lens, manhajar binciken hoto a intanet, don in ga ko tsohon hoto ne daga wani wuri aka sake yaɗawa, ban sami kwafin da ya girmi Alhamis ba. Saboda haka na fi karkata ga cewa hoton na gaske ne, kuma kada mu ɓata lokaci a kan zancen hassada.

Amma gaskiyar hoto daban, gaskiyar rubutun da aka liƙa masa daban. Wanda ya ɗauka yana tsaye ne daga nesa ya jawo hoton kusa, kuma duk mai riƙe kyamara ya san cewa idan aka ɗauka daga nesa aka jawo, abin da ke gaba da abin da ke baya sukan matsu kamar suna manne da juna. Da wannan dabarar ce matasa suke ɗaukar hoto kamar sun tallabi rana a tafin hannu. A hoton nan akwai shinge na ƙarfe mai koren fenti wanda yaron yake tsaye a bayansa, sannan akwai fili, sannan wayar kejin. Ku duba ƙasa da kyau: inuwar sandar ta faɗi ne a kan ƙasar da ke tsakanin shingen da kejin, kuma ta ƙare kafin ta kai gindin wayar. Da bakin sandar ya shiga cikin kejin, da sai mu ga layukan wayar sun gitta ta gabansa, amma a inda na duba sandar ce take rufe wayar har ƙarshenta. Wannan yana nuna sandar tana waje. Ban ce tabbas ba, saboda kwafin da ke hannunmu ya bi ta WhatsApp, wanda yake matse hoto ya rage ingancinsa, ya kuma goge bayanan da waya take ajiyewa a cikinsa, kamar lokacin ɗauka da irin kyamarar. Sai an samo na asali daga wayar da ta ɗauka, an turo shi a matsayin fayil, sannan zan iya tsayawa a kan magana ɗaya.

Tsohon hedimasta: Na ji bayaninka, Malam, kuma na yaba. To amma ka amsa mini wannan: ko sandar ta taɓa kura ko ba ta taɓa ba, me ya kawo sanda hannun ɗalibi a gaban keji? Alli ya zo da shi ko littafi?

Mahaifiyar yaron da ke riƙe da sandar: Baba, ni ce mahaifiyarsa, kuma ba zan ce ɗana waliyyi ne ba. Na zaunar da shi a gaban mahaifinsa, ya amsa cewa ya tsinci sandar a ƙarƙashin wata bishiya, kuma ya ce yana nuna wa abokansa wani rauni ne da ya gani a ƙafar kurar ta baya. Na yi masa faɗa a kan ɗaukar sandar tun kafin in ji sauran labarin. Abin da ya hana ni barci shi ne, yaro ne ɗan shekara 16 da aka baza fuskarsa a duniya ba tare da an tambaye shi ko an tambaye mu ba, har yaran unguwa sun sa masa suna, ya daina zuwa masallaci sai da asuba. Idan za a hukunta shi a kan ɗaukar sanda, na yarda. Idan kuwa za a rubuta a takardarsa cewa ya azabtar da dabba, to ina son a kawo wanda ya gani da idonsa.

Likitar dabbobi: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Zan yi magana a kan dabbobin, domin kowa yana kallon yaran ne, babu mai kallon kurar. A hoton tana kwance, kunnuwanta a tsaye, kanta yana kallon wani gefe daban. Kurar da ake zungura takan miƙe, ta kwantar da kunnuwa, ta ja baya ko ta kai wa sandar cafka, kuma haƙoranta masu fasa ƙashi ne, ba za su bar busasshiyar sanda ba. Wannan yana goyon bayan Malam mai hoto. Sai dai kada a ɗauki maganata fiye da nauyinta, domin dabbar da ta daɗe a keji tana ganin jama'a kullum takan saba har ta daina kula masu tsokana, kuma hoto ɗaya ƙiftawar ido ce kawai, bai gaya mana abin da ya faru kafinsa ko bayansa ba.

Ni hoto na biyu ne ya fi damuna, ga shi kuwa babu wanda ya tsaya a kansa. Leda tana kashe dabba fiye da sanda. Duk mahaucin da ke yanka awaki a cikin gari ya san yadda ake samun dunƙulen leda a tumbinsu, kuma dabbar gidan zoo ba ta fi ƙarfin hakan ba. Ban da haka, birai suna ɗaukar cututtukan mutane, har da tarin fuka, shi ya sa ake hana miƙa musu ragowar abin da mutum ya gutsura. Amma a nan ma hoton bai nuna hannun da ya miƙa ledar ba. Biri ɓarawo ne na gaske, yana iya zura hannu ta waya ya fizge abu daga hannun yarinya kafin ta farga, ko ya jawo ledar da iska ta kaɗo. Kuma buɗe bakin da ya yi, wanda mutane suke cewa dariya yake, a wurin birai yawanci alamar tsoro ce ko gargaɗi. Wannan ya fi nuna mini cewa an yi masa cincirindo da hayaniya, kuma laifin hakan ba na yarinya ɗaya ba ne.

Malamin addinin Musulunci: Jama'a, addini ya yi magana a ɓangarorin biyu, kuma bai kamata kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Don haka cutar da dabba ba wasan yara ba ne, kuma Baba hedimasta yana da gaskiya da ya ɗauki abin da zafi. Amma aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da mu bincika labari kafin mu aikata wani abu a kansa, don kada mu cuci wasu mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Wanda ya rubuta rubutun da ke ƙarƙashin hoton nan ba mu san shi ba, ba mu san ko yana wurin daga farko har ƙarshe ba. Ina kuma tunatar da waɗanda suka tura hoton zuwa wasu zauruka cewa su ma suna da kaso a abin da ya sami yaron nan.

Malamin da ya raka ɗaliban: Ranka ya daɗe Shugaba, mu uku ne muka raka motoci biyu. Mun karanta wa yaran dokoki a bakin ƙofa, har da hana jifa da hana ba dabba abinci. Lokacin da aka ɗauki hoton farko ina wajen jiminai tare da wani rukuni, abokin aikina yana wajen kada, Malama kuma ta raka wata yarinya da jiri ya ɗiba zuwa inuwa. Babu ma'aikacin gidan da ya kawo mana ƙara a ranar, kuma mun yi sallama da su lafiya.

Likitar dabbobi: Malam, ka ga ka faɗi abin da ya fi hotunan biyu muhimmanci: babu babba ko ɗaya a gaban kejin kura alhali yara suna wurin. A watan Disamba na 2007, a gidan zoo na San Faransisko da ke Amurka, wata damisa irin ta Saibiriya ta haura katangar wurinta ta kashe wani matashi ɗan shekara 17, ta raunata wasu biyu, 'yan sanda suka harbe ta. An daɗe ana jayayya ko samarin sun tsokane ta, kuma ba a gurfanar da waɗanda suka tsira a kan tsokanar ba. Abin da aka iya aunawa da tef shi ne katangar, aka tarar ƙafa 12 da rabi ce, alhali shawarar masana ita ce ta haura ƙafa 16. Mu ma nan muna ta jayayya a kan niyyar yaro, wadda ba ta aunuwa, mun bar tazarar shinge da adadin malamai, waɗanda suke aunuwa.

Wani uba daga cikin iyayen 'yan aji ɗaya: Na janye zancen haɗin hoto tunda masu sana'ar sun duba, amma ban janye shakkata a kan rubutun ba. Ku tuna a 2019 yadda labari ya zaga duniya cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Audu Bako da ke Kano, har gwamnan jihar na lokacin, Ganduje, ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan. Labarin gidan zoo yana da daɗin yaɗawa, shi ya sa ake ƙara masa gishiri.

Tsohon hedimasta: Likita, 'yata, na karɓi maganarki a kan malamai, kuma ya kamata hukumar makaranta ta amsa tambaya a kan tura mutum uku da motoci biyu. Amma kada a fake da wannan a wanke yaran tas. Dokar da aka karanta musu a bakin ƙofa ba sai sanda ta taɓa hanci take karyuwa ba. Yaron da ya ɗaga sanda a gaban dabba, abokansa suna dariya, ya san abin da yake yi, ko da rauni yake nunawa. Na sauko daga mako biyu, amma ban sauko daga hukunci ba. Su ukun da ke dariya kuwa, na yarda dariya ba laifi ba ce da za a kori yaro a kanta.

Mahaifiyar yaron da ke riƙe da sandar: Baba, a kan wannan ba mu da saɓani. Abin da nake nema shi ne a rubuta laifin da ya yi, kada a rubuta wanda Facebook ta ce ya yi.

Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai: To, ga abin da zan kai wa hukumar makaranta. A jingine dakatarwar har sai an yi abu uku. Malam mai hoto zai tuntuɓi wanda ya saka hotunan ya roƙe shi na asali, ya kuma roƙe shi ya rufe fuskokin yaran ko ya sauke su. Ranar Asabar ni da Likita za mu je gidan zoo mu auna tazarar da ke tsakanin koren shingen da kejin, mu tambayi mai kula da kurar ko tana da rauni a ƙafar baya, domin idan akwai raunin, maganar yaron ta sami madogara. Sannan a ji ta bakin 'yan matan da ke hoto na biyu ɗaya bayan ɗaya, a gaban Malama, ba a taron asambuli ba. Batun adadin malaman rakiya zan sa shi a ajandar taronmu na gaba.

Tsohon hedimasta: Alhaji, a sa ni cikin masu zuwa ranar Asabar, zan zo da tef ɗina. Kuma a gaya wa yaron ya nuna mana tsawon sandar da hannunsa kafin mu tafi, ba bayan mun dawo da awo ba.