Wane suna za mu ba tunanin da ya ƙi wucewa?

Jama'a, ina neman shawararku a kan wata kalma. Masana halayyar ɗan Adam suna da abin da suke kira rumination da Turanci: mutum ya riƙa jujjuya baƙin tunani guda a ransa, ya kai ƙarshe ya koma farko, bai samu mafita ba, bai kuma iya ajiye shi ba. "Ciwon damuwa" ya riga ya zauna a bakin likitoci da 'yan rediyo, amma wannan hali da yake share masa hanya ba shi da tsayayyen suna a wurinmu. Sai mu ce "ta cika tunani", mu wuce.

Abin da ya sa na matsa shi ne yaranmu. Bincike ya nuna cewa a ƙuruciya maza da mata kusan kai ɗaya suke wajen ciwon damuwa. Daga wajen shekara 13 rata take fara buɗewa, har a wayi gari mata sun kusa ninka maza. Marigayiya Susan Nolen-Hoeksema, malamar jami'a a Amurka, ta danganta wani ɓangare na ratar da wannan juye-juyen tunani, wanda ya fi yawa ga mata. Ita da abokiyar aikinta sun gwada ɗaliban jami'ar Stanford gab da girgizar ƙasar da ta auku a yankin a 1989. Da suka sake gwada su bayan mako 7, waɗanda dama suke da halin ne alamun ciwon suka fi kamawa. Kada a ɗauka maza sun tsira. Yaron da aka horar cewa namiji ba ya kuka shi ma yana kwana yana juyi, sai dai nasa yakan fito ta hanyar fushi ko ƙauracewa mutane.

Na auna kalmomin da muke da su. Zullumi na abin da bai zo ba ne. Waswasi ya fi karkata ga shakka, irin ta mai maimaita alwala. Saƙe-saƙe kuwa ba lallai ya zama mugu ba, mutum yakan saƙa alheri ma.

Ni dai "tuƙar zuci" ce ta kwanta mini. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san tuƙa: akuya ta dawo da abin da ta haɗiye ta sake taunawa. Kalmar Turancin ma daga nan asalinta yake, ta hanyar Latin. Na san wani zai ce bai dace a kwatanta ɗan mutum da dabba ba, kuma ina girmama wannan. Amma "zuci" ta riga ta ɗauke maganar daga garke. Ku ji yadda take zama a baki: "Tun da sakamakon jarrabawa ya fito yarinyar nan ta shiga tuƙar zuci." Uwar da ba ta yi boko ba za ta gane nan take.

Amfaninta mafi girma a ganina shi ne ta raba wannan hali da nazari, don kada mu hana yara tunani gaba ɗaya. Edward Watkins na jami'ar Exeter a Ingila ya gina hanyar magani a kan wannan bambanci. Mai tuƙar zuci tambayarsa kullum "me ya sa sai ni?" Mai nazari yana cewa "yaya abin ya faru, me zan fara yi gobe?" Ana koya wa mutum ya gane lokacin da ya zame cikin ta farko, ya juya zuwa ta biyu.

Akwai kuma wadda ake yi a tare. A 2002 Amanda Rose, mai binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, ta bayyana yadda ƙawaye kan zauna su yi ta maimaita matsala ɗaya: zumuncinsu na ƙara ƙarfi, damuwarsu ma na ƙaruwa, kuma ya fi faruwa tsakanin 'yan mata. Wannan sai mu ce "tuƙar ƙawaye".

'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram, tuƙa kuke cewa ko kuna da wata? Malaman asibiti kuma, in kun faɗa wa iyaye "tuƙar zuci", za su karɓa ba tare da jin an ci zarafin ɗansu ba?