Waɗanda suka yi karatu waje: wa ya riƙe ku a shekarar farko?

Wata yaya daga Bukoki, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata ta samu bak, wato jarrabawar gama sakandare, bana, kuma sunanta ya fito cikin masu tafiya Maroko da bursi. Murna dai muna yi, amma Inna ta daina barci. Yarinyar nan ko Dosso ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Kowa sai ya ce mana "akwai ƙungiyar ɗalibai, za su riƙe ta". Ni a jami'ar Abdou Moumouni ta nan Yamai na gama, ban san yadda abin yake ba. Don Allah waɗanda suka je, ku faɗa mana gaskiya, da daɗinta da ɗacinta.

Tsohon ɗalibin Rabat, yanzu a Yantala:
Wa alaikumus salam Yaya. Ki kwantar wa Inna da hankali. Masu bursin Maroko ta hannun AMCI, hukumar Maroko ta haɗin gwiwa da ƙasashen waje, suke bi, a Rabat ake fara sauka a cika takardu, daga nan a watsa kowa garin da aka ba shi makaranta: Fes, Oujda, Marrakech, Agadir, Tanger. Tun daga filin jirgi tsofaffin ɗalibai ƴan Nijar ne suka tarbe mu. Su suka nuna mana inda ake canjin kuɗi zuwa dirhami, da yadda ake haɗa takardun katin zama, wanda in ba ka san kansa ba sai ka yi ta safa da marwa.

Amma abin da nake so ki ji ba wannan ba ne. Ƙungiyar ƴan ƙasa tana cire maka kewar gida, ba ta sa ka zama ɗan gari. Da farko rayuwata daga aji sai ɗakin ƴan Nijar, mu dafa shinkafa da wake, mu ɗora shayi, mu yi ta hirar Yamai kamar muna fada a bakin titi. Ina Maroko amma ban san Maroko ba. Sai da aka zo gasar ƙwallo ta CESAM, wato babbar ƙungiyar da ta haɗa ɗaliban ƙasashen Afirka da ke can tun 1981, aka rasa mai tsaron gida aka tura ni. An ci mu, ba laifina ba ne, ƴan baya ne suka kwanta. To a bakin filin nan na haɗu da wani ɗan Komoros da wani ɗan Gine Bisau. Shi ɗan Bisau Faransancinsa bai nuna ba, da Fotugis ya yi karatu, lissafi kuwa ba a magana. Ni na riƙa gyara masa rubutu, shi yana fitar da ni kunya a lissafi. Ɗan Komoros ne ya fara kai mu gidan wani abokinsa ɗan gari cin kuskus ɗin Juma'a, a nan na fara tsintar Darija, Larabcin ƴan Maroko. Yau shekaru sun ja, amma da aka yi mini haihuwa ɗan Bisau ya riga wasu dangina kira.

Ɗan Adar, malamin makaranta a Tahoua:
Mu Adarawa tafiya ba baƙuwarmu ba ce, kowane gida akwai wanda ya tafi bida Abidjan ko Libiya. Amma mai zuwa bida yana sauka wurin ɗan garinsu, ɗalibi kuwa inda aka ajiye shi nan zai zauna.

Ni Azhar na yi. A Madinatul Bu'us aka sauke mu, unguwa guda ta ɗaliban waje a Alƙahira, ɗan Indonesiya ga ɗan Senegal ga ɗan Afganistan. Larabcin da na koya a gida na littafi ne, in na yi magana a kasuwa sai mai tumatir ya yi dariya ya ce "sadaƙallahul azim". Wanda ya cece ni wani zaure ne da masu jin Hausa suka kafa, babu ruwansa da fasfo: ƴan Sakkwato da Kano, ƴan zangon Kumasi, ƴan Garwa ta Kamaru, har da wasu ƴan Sudan da kakanninsu suka tsaya a hanyar Makka. Duk daren Alhamis a haɗu a yi bitar darasi, wanda ya fi ƙarfi a nahawu ya ja sauran, a rufe da tuwo in an samu garin masara. Ƴan Kano ba su bar ni na huta ba saboda ina cewa "hura" da "mi kake so", ni kuma in tambaye su farashin naira yau. Wani dattijo cikinmu ya taɓa zagayawa da mu tsohon masallacin Azhar yana ba mu tarihin ruwaƙai, ɓangarorin da aka ware wa ɗaliban kowace ƙasa tun zamanin da, har da na mutanen Barno. Ashe wannan haɗuwa tamu ba mu muka fara ta ba.

Wani ɗan Wadata da ya yi Dakar:
Ku yi haƙuri in ɓata muku miya. Ba kowace ƙungiya ce Aljanna ba. Wadda na shiga, lokacin zaɓen shugabanni sai ka rantse kujerar ƙasa ake nema. Wannan ɓangare na ƴan gari kaza, wancan na masu yare kaza, kuɗin da ake tarawa wata-wata kuma ba mai iya gaya maka inda suka shiga. Na ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya maimaita shekara saboda taro da shirya bikin al'adu. Yaya, ki gaya wa ƙanwarki karatu ya kai ta. Ta biya kuɗinta, ta je taro in da hali, amma kada ta karɓi muƙami a shekarar farko ko an roƙe ta.

Wata likita a Tahoua, ta yi Turkiyya:
Malam na Wadata, maganarka akwai gaskiya, amma ni ban ga haka ba, wataƙila don tamu ba ta da kuɗin da za a yi faɗa a kai.

Bursin Turkiyya sai ka yi shekara guda kana koyon harshensu kafin ka shiga jami'a. Ajinmu ba mai jin yaren wani: ƴar Somaliya, ƴar Bosniya, ƴan Indonesiya, ni kaɗai ce mai Faransanci. Dole muka riƙa magana da ɗan guntun Turkancin da aka koya mana da safe, muna kuskure muna dariya. Akwai ƙungiyar ɗaliban waje a garin, suna da ɗan ofis da tukunyar shayi da ba ta sauka daga wuta. Can wata ƴar Bosniya ta dube ni cikin sanyin Disamba da takalmina na Yamai, ba ta ce komai ba, washegari ta ja ni kasuwa ta zaɓa mini na dusar ƙanƙara da rigar ciki mai ɗumi. Ƴar Tahoua ina ta san wannan?

Ranar da na san ina da mutane ita ce bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023. Garinmu bai rushe ba, amma an mayar da karatun jami'o'i ta intanet, aka buɗe gidajen kwanan ɗalibai ga waɗanda suka rasa muhalli. Kafin in gama tunanin inda zan sa kaina, ƴan ƙungiya sun riga sun rubuta sunan duk wanda ba shi da wurin zuwa. Mu huɗu muka raba ɗaki a gidan wata ƴar Somaliya. Da rana kuma muna wurin tattara barguna da kayan jarirai ana lodawa a mota. Wata tsohuwa Baturkiya da muke ninke kaya tare ta riƙa ce mini ƴata, har na bar ƙasar ina zuwa gaishe ta.

Da Babbar Salla ce kawai ba wanda ya iya yi mini magani. Na kwatanta musu yadda ake gicciya raguna a kan itace a kewaye wuta tun hantsi, duk unguwa hayaƙi, suka ce in nuna hoto don ba su yarda ba.

Tsohon ɗalibin Rabat ya ƙara:
Likita ta tuna mini. Ƙanena yana Maroko lokacin takunkumin da CEDEAO ta sa wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aika kuɗi daga gida ya yi wuya sosai. Ƴan Mali da ƴan Senegal na gidansu ne suka ce tukunya ɗaya za a riƙa ɗorawa, wanda kuɗinsa ya iso ya sayo. Haka suka yi har abubuwa suka sassauta. Ba a ofishin ƙungiya aka yanke wannan ba, amma a can suka san juna.

Wata ƴar Lazare da ta gama a Fes:
Yaya, ni maganar mata zan yi miki. Kafin ta tashi ku nemi lambar wata ɗaliba mace da ke garin da aka tura ta, ba namiji ba, ko da shi ne shugaba. Masu zuwa tarbar sababbi ba duka ne don Allah suke zuwa ba, kin gane. In gidan haya za su kama, ta zauna da mata ko da ba ƴan Nijar ba ne. Ni da ƴan Burkina biyu da ƴar Cadi na zauna, mun yi faɗa a kan wanke-wanke, mun shirya. Ki sa mata kilishi da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa da yawa, fiye da abin da za ta ci, don ranar al'adu kowace ƙasa tana fito da abincinta kuma teburin Nijar kilishi ake zuwa nema. Ta tafi da atamfa ɗinkakkiya ko biyu. Bargo kuwa kada ku saya a nan, na can ya fi kauri, kuma sanyin Fes a watan Janairu ba irin na hunturunmu ba ne.