A koyar da addinai uku a aji ɗaya? Iyaye da malamai a Kaduna sun ja daga

Maman Biyu (Tudun Wada): Assalamu alaikum jama'a. Jiya na duba littafin rubutun 'yata da ke aji biyu a babbar sakandare, sai na tarar malamin tarihi ya yi musu darasi a kan Yahudanci da Kiristanci da Musulunci, Musulmi da Kirista duk a zaune aji guda. Har da littafin kowa da ranar ibadar kowa. Ni dai raina bai kwanta ba. Muna da IRK, darasin addinin Musulunci, su ma suna da CRK, darasin addinin Kirista. Me ya kawo gwama su?

Malamin Islamiyya (Rigasa): Wa'alaikumus salam. Hajiya, kina da hujja. Yaro ɗan shekara 15 aƙidarsa ba ta gama zama ba, bai kamata a jera masa addinai a ce ga su nan ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ma ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Ku tuna hayaniyar 2017, da aka cusa IRK da CRK ƙarƙashin darasi guda, sai da aka mayar da kowanne mai zaman kansa.

Malamin Tarihi (Kawo): Allah gafarta Malam, ba ni ne malamin yarinyar ba, amma aikinmu ɗaya. Abin da doka ta hana shi ne a sa yaro ibadar wani, ko a karantar da shi don ya bi. Sanar da shi abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi wani abu ne daban. Ta yaya zan koyar da zuwan Wangarawa Kano zamanin Sarki Yaji, ko jihadin Shehu na 1804, ɗaliban Kirista ba su san me ake nufi da Musulunci ba? Ta yaya zan yi bayanin mishan na Wusasa a Zariya, inda Janar Gowon ya tashi, ɗaliban Musulmi ba su san me Kirista ke yi a coci ba?

Maman Yara (Sabon Tasha): Barkanku da yamma. Ni Kirista ce, a Tudun Wada aka haife ni, rikicin 2000 ne ya tsallakar da mu kogi. Da muna yara ba wanda ya koya mana komai a aji. Mun ci naman layya a gidan maƙwabta, sun ci shinkafar Kirsimeti a gidanmu, mun san lokacin sahur, mun san ba a gifta mai salla. Ɗana kuwa bai taɓa zama da maƙwabci Musulmi ba. Ya girma yana zaton Musulmi ƙin Yesu suke yi. Ranar da na gaya masa akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryam, ƙin yarda ya yi. Hajiya, wannan ne ke tsorata ni, ya fi darasin tsorata ni. Unguwa ta daina koya musu, to in makaranta ma ta ƙi, wa ya rage?

Dattijo (Unguwar Rimi): 'Yata, na ji ki, amma ku yi hattara. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a makaranta ya faro, a kwalejin horar da malamai, kan abin da wani ya faɗa game da addinin wasu. Kafin a ankara wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. Kalma ɗaya daga bakin malamin da bai iya bakinsa ba ta isa.

Malamin Tarihi (Kawo): Baba, wancan taron wa'azi ne. Mai wa'azi yana cewa "ga gaskiya". Mai darasi cewa yake "Kirista sun yi imani an gicciye Yesu ya tashi a rana ta uku, Musulmi sun yi imani Annabi Isa manzo ne, ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi, Yahudawa ba su karɓe shi a matsayin Almasihu ba." Ba a ɓoye saɓanin, ba a kuma yanke hukunci. Kuma Malam ya fi ni sanin cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Ja'afar bin Abi Ɗalib ya san abin da Najashi ya yi imani da shi, shi ya sa ya karanta masa Suratu Maryam a Habasha. Shaharastani ya rubuta littafi sukutum a kan addinai da ƙungiyoyi.

Malamin Islamiyya (Rigasa): Duk waɗanda ka lissafa sun ƙoshi da nasu kafin su leƙa na wani. Ja'afar ba ɗan sakandare ba ne. Sannan ga wata: in malami ya yi kuskure a kan Musulunci, yaranmu za su ɗaga hannu. In ya yi a kan Kiristanci, 'ya'yan Madam za su gyara masa. Yahudanci fa? Babu Bayahude ko ɗaya a ajin. Malamin daga ina ya samo nasa?

Ɗalibin Jami'a (Malali): Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Ƙannenmu sun riga sun fara wannan darasin, a TikTok da Facebook, wurin masu zagi. Batun Yahudanci ma ya fi muni. Da yawa ba sa bambance addinin Yahudanci, wanda ya girmi Kiristanci da Musulunci, da ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948. Wasu abokaina Kirista sun ɗauka Isra'ila ƙasar Kirista ce, ba su san akwai Falasɗinawa Kirista a Baitalami ba. Wasu abokaina Musulmi ba su san Yahudawa ba sa cin alade, suna kaciya, suna kaɗaita Allah ba, alhali Annabi Musa ne annabin da aka fi ambaton sunansa a Alƙur'ani.

Maman Yara (Sabon Tasha): Amma tambayar Malam tana nan daram. Ni ma ba zan yarda malamin da zai tsaya gaban ɗana ya ce an gurɓata Littafi Mai Tsarki ya ɗauki ajin ba, kamar yadda Hajiya ba za ta yarda da wanda zai taɓa Annabi ba.

Dattijo (Unguwar Rimi): To a nemi waɗanda suka san zafin abin. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye nan garin suke. Ɗaya ya rasa malaminsa, ɗaya ya rasa hannu a rikicin 1992, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Irinsu ya kamata su zauna da malaman makaranta a tsara abin da za a faɗa, a rubuce, iyaye su gani kafin yara su ji.

Malamin Islamiyya (Rigasa): Baba, ko da an yi hakan, jarrabawa fa? In aka tambayi yaro "Wane ne Isa?" wace amsa za a ba maki?

Malamin Tarihi (Kawo): Ba za a yi tambayar haka ba. Za a ce "Me Musulmi suka yi imani da shi game da Isa, me Kirista suka yi imani da shi game da Yesu?" Yaro ya amsa duka biyun daidai, nasa na nan a zuciyarsa.

Malamin Islamiyya (Rigasa): Kai ka iya, Malam. Malamai nawa ne a jihar nan za su iya riƙe harshensu haka gaban yara sittin? Ni har yanzu ban gamsu ba, kuma ƙasa da ajin ƙarshe na sakandare ba zan goyi baya ba ko kaɗan. Turo mini takardar darasinka ta wannan zangon in karanta da kaina.