Ina ake ajiye bayanan rijiyoyin burtsatsen da ake haƙawa a Kaduna?

Sakataren kwamitin unguwa, Rigasa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin abin da ya same mu a unguwarmu ya tsaya mini a rai. A ranin da ya wuce mun yi karo-karo, magidanta da matan aure har da masu shagunan bakin titi, don a haƙa mana rijiyar burtsatse a harabar makarantar Islamiyya, saboda rijiyoyin gidajenmu kan ƙafe tun daga watan Maris, mu koma sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa. Mai inji ya zo ya yi kwana biyu yana aiki. Ina tsaye a wurin lokacin da jar ƙasa ta ƙare aka shiga wani ruɓaɓɓen dutse mai ɗan danshi, har yara suka fara murna, daga nan kuma sai farar ƙura kawai take tashi tana rufe mana tufafi da ganyen darbejiyar da ke gefe, har aka kai mita 60 ba a samu abin da zai cika bokiti ba.

Bayan mako guda wani dattijo ya shaida mana cewa shekarun baya wani maƙwabci ya taɓa haƙawa a bayan katangar makarantar, shi ma bai samu ba, aka cike ramin aka manta. A ɗaya ɓangaren kuma, wani gida da ke gangare wajen rafi, tafiyar da ba ta wuce minti uku ba, yana samun ruwa rani da damina. Da mun san waɗannan abubuwa biyu da ba mu zuba kuɗin jama'a a wannan wuri ba. Tambayata ita ce: akwai inda ake tattara bayanan rijiyoyin da aka haƙa, waɗanda suka ba da ruwa da waɗanda ba su bayar ba, ta yadda talaka zai je ya duba kafin ya kira mai inji? Idan babu, me mu mutanen unguwa za mu iya yi da kanmu?

Tsohon ma'aikacin binciken ƙasa, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, Allah ya mayar muku da alheri. Abin da ka gani da idonka shi ne halin ƙasar Kaduna baki ɗaya, kuma ka bayyana shi daidai. Garin nan zaune yake a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kufena ta Zariya da duwatsun Kajuru. Shi kansa wannan dutse ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana taruwa ne a wurare biyu: a cikin saman dutsen da ya ruɓe saboda daɗewa, da kuma cikin tsagogin da ke jikinsa can ƙasa. Inda ruɓaɓɓen ya yi kauri, ko inda inji ya dace da tsaga, sai a samu ruwa. Inda ya yi siriri kuma dutsen ba shi da tsaga, ko an ninka zurfin ƙura za a yi ta fitarwa. Shi ya sa gidaje biyu a layi ɗaya kan sha bamban, kuma shi ya sa gangaren rafi ya fi tudu dacewa a mafi yawan lokuta. Maiduguri da Sakkwato ba haka suke ba, domin can akwai shimfiɗun yashi masu faɗi da ke riƙe ruwa, har a yankin tafkin Chadi an san hawa uku na irin waɗannan shimfiɗu, don haka bayanin rijiya ɗaya kan haska wuri mai nisa. A nan Kaduna kuwa bayanin rijiya ɗaya ba ya wuce 'yan gidajen da ke kewaye da ita, wanda ke nufin mu ne muka fi kowa bukatar bayanai masu yawa kuma na kurkusa.

Game da inda za ka tambaya, ka fara da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke kan hanyar Mando, wadda aikinta shi ne horarwa da bincike a kan ruwa, har da koyar da haƙar rijiya. Akwai hukumar RUWASSA ta jiha mai kula da ruwan sha da tsafta a karkara, akwai Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya mai taswirorin duwatsu, akwai kuma NIHSA, wadda dokar 2010 ta ɗora wa alhakin tattara bayanan ruwan sama da na ƙasa a tarayya. Sai dai ka sani cewa yawancin rijiyoyin cikin gari masu gida ne suke haƙawa da kuɗinsu, kuma labarinsu kan tafi tare da motar inji ranar da aka gama aiki.

A waje ma ana ƙoƙari. Cibiyar IGRAC da ke Delft a ƙasar Holan tana tattara bayanan ruwan ƙarƙashin ƙasa daga ƙasashe tana sanya su a intanet, hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya kuma tana da kundin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Afirka wanda kowa zai iya karantawa kyauta, da shafin Najeriya a ciki. Tun 2002 taurarin ɗan'adam na GRACE, da na GRACE-FO da suka gaje su a 2018, suke auna ƙaruwa da raguwar ruwa a faɗin duniya, amma ma'auninsu na ɗaruruwan kilomita ne, ba za su taɓa bambanta harabar makarantarku da gangaren rafi ba. Wannan bambanci takardar mai inji ce kawai take iya nuna shi, idan an rubuta ta kuma an adana.

Takardar nan ba wani abu mai wuya ba ce. A rubuta wurin da lambobin da waya take nunawa, da ranar aiki, da irin ƙasar da ta fito a kowane mita uku, da zurfin da aka fara ganin ruwa, da inda aka tarar da dutse mai tauri, da tsawon bututun da aka saka da inda aka sa mai tsaga-tsaga, da inda ruwan ya tsaya bayan ya kwana, da lita nawa yake bayarwa a awa idan aka yi gwajin ja. Ni a ganina rijiyar da ba ta ba da ruwa ba ita ce ta fi cancantar a rubuta, domin ita ce take hana wani asara, amma ita ce kowa yake gaggawar binnewa.

Mai injin haƙa, Kawo

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ina so a ji ta bakinmu mu masu aikin. Na shekara da shekaru ina haƙa a Kawo da Hayin Banki da Rigachikun, kuma zan iya ƙirga da yatsun hannu ɗaya masu gidan da suka taɓa neman takardar aiki daga wurina. Abin da ake tambaya shi ne nawa ne mita, kuma yaushe za a saka sumo. Idan na ce a fara yin safiyo da na'urar da ke auna ƙasa da lantarki, da yawa kan ɗauka hanyar ƙarin kuɗi ce, su ce ai maƙwabci ya samu. Ita ma na'urar ba ta ba da tabbaci, tana dai rage hasara ne, kuma ta fi amfani idan mai auna yana da bayanin rijiyoyin kusa da zai gwada sakamakonsa da su.

Akwai dalilai biyu da suke sa mu riƙe abin da muka sani, kuma ba zan ɓoye su ba. Na farko, sanin inda ruwa yake shi ne jarinmu. Abin da na koya da asarar man inji da karyewar ƙarafa ba zan so wanda ya shigo jiya ya same shi a ɓagas ba. Na biyu ya fi nauyi: idan aka rubuta cewa wane ya haƙa a wuri kaza bai samu ba, mutane ba za su ce dutse ne ba, za su ce wane bai iya aiki ba. Su ma masu gida suna da nasu tsoron. Tun lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan ƙudurin dokar albarkatun ruwa a Majalisar Tarayya a 2020, mutane da dama suke zargin cewa duk wanda ya bari aka rubuta rijiyarsa to haraji ne zai biyo baya.

Duk da haka ina da wani littafi da nake rubuta kowane aiki, saboda kaina, kuma ya sha cetona. Idan za a yi rajistar da ba a sa sunan mai gida ko na mai inji, sai wuri da zurfi da irin ƙasa, zan bayar da abin da ke cikinsa, kuma na san wasu abokan sana'a za su bayar. Shawarata gare ka, Malam Sakatare, ita ce nan gaba ku sa a cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an miƙa takardar aiki, ko an samu ruwa ko ba a samu ba.

Malamar kimiyya, Tudun Wada

Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato lafiyar ruwan da kuma yadda yake sauka shekara bayan shekara. A unguwanni masu cunkoso irin namu, rijiya da masai sau da yawa katanga ɗaya ce tsakaninsu, alhali shawarar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kamar mita 30. Tun da ruwanmu a saman dutse yake, kusa da doron ƙasa, abin da ya tsiyaya daga masai da kwata ba ya daɗewa yake isa gare shi, musamman idan ba a toshe bakin rijiyar da siminti yadda ya kamata ba. Ruwa yana iya zama garau a kofi amma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta ko sinadarin naitiret, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita, saboda haɗarinsa ga jarirai. Mai gida ɗaya zai kai ruwansa gwaji, a ce masa bai dace da sha ba, ya koma sayen na leda ya yi shiru, maƙwabtansa kuma su ci gaba da sha daga ruwa ɗaya. Wannan shirun yana damuna ƙwarai, domin hakkin maƙwabtaka ne.

Maganar saukar ruwa kuwa, ni da ɗalibaina muna auna rijiyar makarantarmu a farkon kowane wata. Igiya ce muka yi wa ƙulli a kowane rabin mita, muka ɗaura mata ƙaramin murfin gwangwani a baki, idan ya taɓa ruwa sai mu ji ƙararsa mu karanta. Muna yi da sassafe kafin a fara ɗiba. Ruwan kan kai ƙarshen saukarsa gab da faɗuwar damina, ya dawo sama wajen Satumba. Abin da za a sa wa ido shi ne ko yana komawa inda ya tsaya bara, domin kowace sabuwar burtsatse daga ma'aji ɗaya take ja, kuma duk filin da aka shafe da siminti ya daina shan ruwan sama. Awon shekara ɗaya ba ya nuna komai, na shekara goma kuwa hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban kowace hukuma. Alhaji mai inji, idan kun yarda da rajistar, ina roƙon a ware gurbin sakamakon gwajin ruwa a cikinta.

Sakataren kwamitin unguwa, Rigasa

Na gode, Baba, na gode Alhaji da Malama, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa 'yan kwamiti amsoshinku bayan sallar Isha'i, kuma mun je mun sanar da mai unguwa, ya amince littafin ya zauna a wurinsa domin mutane su saki jiki. Ba za mu rubuta sunan kowa ba, sai layi da lambobin wuri, kamar yadda Alhaji ya nema. Mun kira wanda ya yi mana aikin, ya ce yana tuna inda ya tarar da dutse kuma zai zo ya faɗa mana, don haka ramin makarantarmu shi ne zai zama na farko a shafi, na bayan katanga ya bi masa. Matasa biyu za su zaga gidajen da ke da burtsatse ranar Asabar. Baba, idan mun haɗa kamar ashirin, ina roƙon ka duba mana su kafin mu kai kwafi Mando, kuma kafin mu sake tara wa jama'a kuɗi a kan wurin da ke gangaren rafi.