Bayanin hoto yana wuce faɗin hoton, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina jera hotunan kayan dukawan Sakkwato, jakunkuna da takalman fata, da HTML da CSS. Kowane hoto yana cikin figure, bayaninsa a ƙasa cikin figcaption.

In bayanin ya yi tsawo sai ya wuce faɗin hoton, ya turo na kusa da shi layin ƙasa. Na gwada float, sai giɓi ya bayyana, don tsayin hotunan ba ɗaya ba ne. Da na ƙayyade faɗin a 300px ya zauna daidai a kwamfuta, amma a waya, inda masu saye ke dubawa, jerin ya wargaje.

Grid zan koma, ko akwai dabarar da rubutun zai bi faɗin hoton da kansa? Don Allah a taimaka mini.