Rainon furen okid a ɗakin gilashi na gida: abin da tattaunawar ta haifar

Mun tattauna kan yadda ake rainon okid, wani furen ado, a ɗakin gilashi, wato ɗakin da ake rainon tsirrai a ciki. Maganar ta yi tsawo, don haka na tattaro muhimman bayanan wuri ɗaya.

1. Kowa ya yarda cewa sabon shiga ya fara da nau'in Phalaenopsis. Nau'in Cattleya ya fi son haske, nau'in Cymbidium kuma ba ya fure sai da sanyin dare.

2. Ban ruwa ne ya ci rabin tattaunawar. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe okid. A dubi saiwa: in ta yi kore shar, a ƙyale ta, in ta koma launin azurfa, lokacin ban ruwa ya yi. In ta yi baƙi tana lagwab-lagwab, ta ruɓe, a yanke. A ba da ruwa da safe, kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye. Wasu sun ce suna ɗora ƙanƙara a tukunya, akasari suka ce a'a, shukar ƙasar zafi ce. Ni ma ina tare da su.

3. Ba a dasa okid a ƙasa. Sai a ɓawon itace da ɗan gawayi, a tukunya mai huji.

4. Laimar iska ta zama kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, amma da fanka tana kaɗawa, in ba haka ba sai fumfuna. A rataya ragar inuwa, rana tsaka tana ƙona ganye.

5. An rabu kan sandar fure bayan ya zube. Wasu na yankewa daga gindi don shukar ta huta, wasu na yankewa saman gaɓa ko za ta sake tohowa. Ba a tsayar da magana ba.