Neman shawara: an taɓa kwantar da ni asibitin ƙwaƙwalwa, za su ba ni lasisin bindiga a Texas?

Ɗan Houston: Assalamu alaikum 'yan uwa. Green card gare ni (izinin zama na dindindin a Amurka), aikin dare nake a gidan mai. Watan jiya wasu yara biyu suka shigo da bindiga suka kwashe kuɗin aljihun tebur, tun ranar ban yi barci mai kyau ba. Ina son neman LTC, lasisin yawo da bindiga. Matsalar, shekara uku da suka wuce bayan rasuwar mahaifina na yi kwana huɗu a asibiti, kuma har yanzu ina shan sertraline, maganin ciwon damuwa. Zan samu?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi babban abin ba: kai ka kai kanka, ko alƙali ne ya sa hannu? Dokar tarayya, 922(g)(4), ta haramta bindiga ga wanda kotu ko hukuma ta tilasta kwantar da shi. Zuwa da ƙafarka, ko tsarewar gaggawa ta awa 48 don a duba ka, ba ta shiga ciki. Je kotun probate ta Harris County (gundumar da Houston ke ciki), wadda ke sauraron shari'o'in tilasta kwantarwa, ka bincika ko akwai fayil da sunanka, sannan ka karɓi takardun sallama daga asibitin.

Ɗan Houston: 'Yan sanda ne suka kai ni. Ban tuna na sa hannu ba, amma ai ban ga alƙali ba.

Auwalu Dallas: Kana wahalar da kanka. Tun 1 ga Satumba 2021 ba a buƙatar lasisi a Texas in ka kai shekara 21. Mu dai kullum tsoron takarda ke kashe mu.

Malam Sani: Auwalu, wannan dokar ba ta wanke wanda tarayya ta haramta wa ba. In zai sayi bindiga a shago sai ya cike fom ɗin tarayya mai lamba 4473, akwai tambayar kwantarwa a ciki, kuma ƙarya a kai babban laifi ne da zai iya cinye green card ɗin. Sannan LTC ya fi tarayya tsauri: sashe na 411.172 na dokar Texas yana ɗaukar kwanciya asibitin ƙwaƙwalwa a matsayin shaidar ciwon da ke hana lasisi ko da kai ka je da kanka. Mafita ita ce takardar likitan ƙwaƙwalwa cewa ciwon ya lafa kuma ba a zaton zai dawo. DPS, hukumar Texas mai ba da lasisin, na iya tura fayil ɗin ga kwamitin likitoci, sai ya ɗauki lokaci. Kuɗin lasisin dala 40 ne, aji awa 4 zuwa 6, gwajin harbi harsashi 50.

Hajiya Nas: Ƙanina, kar ka kuskura ka bar magani don takarda ta yi kyau. Ka ce ba ka barci. Fiye da rabin masu mutuwa ta bindiga a Amurka kansu suke kashewa. Ka fara ganin likitanka, in dare ya yi maka nauyi kira 988, layin taimakon masu damuwa ko tunanin kashe kai. Ka kuma tambayi mai gidan man, da yawansu ba sa yarda ma'aikaci ya riƙe makami a bakin aiki.

Ɗan Houston: Hajiya na gode, amma lafiyata lau, wancan baƙin cikin rasuwa ne kawai. In na nemi takardar wajen likita, ba zai rubuta rashin barcin a fayil ba?